Layi na Huɗu, Layi na Tara

Wani ɗan zauren nan ne ya turo, ya roƙi a sakaya sunansa. A tausasa harshe wajen ba shi amsa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ina roƙon kafin ku rubuta min "ka yi addu'a" ku karanta har ƙarshe, addu'ar ina yi, abin da zan aikata ranar Juma'a mai zuwa ne ban sani ba. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina ganin nawa da sauƙi, ashe layi ne bai zo kaina ba.

Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Barnawa, gidanmu kuma a Kakuri yake, inda mahaifina ya yi aikin masaƙa har aka rufe ta a kan idonsa. Shekarun baya shi da mahaifiyata suka yi hatsari a hanyar Kaciya, suna dawowa daga biki. Umma ko asibiti ba ta kai ba, Allah ya yi mata rasuwa ranar huɗu ga watan Satumba, ku riƙe wannan kwanan don shi ne duk maganar. Baba yana kwance bai san inda kansa yake ba, ni ina Fatakwal wurin aiki, yayata kuma mace ce ba ta bi gawa ba, maƙwabta ne suka kai ta cikin ruwan sama, Allah ya saka musu. Da na iso wani ya raka ni makabarta sau ɗaya, ciyawa har gwiwa, idona cike da hawaye, abin da na riƙe kawai shi ne ɗan allon ƙarfe mai sunanta. Kafin Baba ya iya taka ƙafa, masu sayar da gwangwan, waɗanda ko mamaci ba sa jin kunya, suka shiga suka tumɓuke allunan makabartar kaf, suka kai aka auna musu a sikeli. Ban taɓa tsine wa mutum ba, amma waɗannan har yau idan na tuna su sai na kama bakina.

Makabartar unguwarmu tana da kwamiti, kuma suna da tsarinsu mai kyau, wanda a lokacin ni ban sani ba. Kowace shekara da sashenta, kowane wata da layinsa, an kafa turken siminti mai lamba a bakin kowane layi, Janairu layi na ɗaya, haka har Disamba. Wani ɗan bautar ƙasa da ya taɓa zama a unguwar ya haɗa musu databes, wato manhajar ajiye bayanai, a kwamfutar ofis, ana shigar da sunan mamaci da ranar da aka binne shi, ita kuma ta duba wata ta fitar da layi, ta duba rana ta fitar da kabari na nawa ne daga turke. Da aka sace alluna sai wannan kwamfutar ta zama ita ce mai nuna hanya. Baba ya je da sandunansa, sakataren kwamiti, zan kira shi Malam Bala, ya buga masa 'yar takarda, layi na huɗu, ya kama hannunsa ya ƙirga masa har wurin. Takardar ba ta ɗauke da kwanan wata, layi da lamba kawai, kuma Baba bai san layi na huɗu yana nufin Afrilu ba.

Tun daga ranar babu Juma'ar da ta wuce shi. Ya cire ciyawa, ya jera duwatsu, ya yayyafa ruwa daga 'yar jarkarsa, ya yi addu'a, sannan ya zauna ya ba ta labarin gida kamar tana tsakar gida tana tsince shinkafa, wa ta haihu, wa ya yi aure, famfo ya sake lalacewa. Mutumin da bayan hatsarin ko ƙarar burki ya ji sai jikinsa ya kama rawa, a hankali ya dawo yana cin abinci, har tsokanar jikoki yake. Ya taɓa ce min tun da ya samu wurin nan ya daina ganin motar idan ya rufe ido. A gefen kabarin akwai ɗan fili da aka tsallake saboda wata darbejiya da ke wurin, daga baya iska ta kayar da ita aka cire kututturen, Baba ya bi kwamiti da naci har suka yi masa alkawarin nan za a sa shi idan tasa ta zo. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, yanzu a keken marasa lafiya yake, ni nake tura shi ziyarar tun da na dawo Kaduna da zama.

To a watan Maris ɗin nan Malam Bala ya zo shagona da laftof a leda, ransa a ɓace, wai kwamfutarsu ta fara iskanci. Wani ɗan kasuwa ya dawo daga tafiya ya tarar an binne ƙaninsa ranar sha ɗaya ga wata, ya zo neman kabari, aka buga masa takarda ta ce layi na sha ɗaya. Suka je suka tarar da fili fetal, ko gatari bai taɓa wurin ba, don layin Nuwamba ne, watan bai zo ba. Mutumin ya yi ta faɗa wai an tura shi ya gaida ƙasa. Ni har dariya na yi, Allah ya yafe min, na ce wa Malam Bala ya sha ruwa, wannan ciwon mun san shi. Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa kuma wata suke farawa da shi, to idan saitin ƙasa na kwamfuta yana kan Amurka, ka rubuta 11/03 kana nufin sha ɗaya ga Maris, ita ta ajiye uku ga Nuwamba, ba za ta tambaye ka ba. Laftof ɗinsa 'yar tokumbo ce, kwancen Amurka, yadda aka sauke ta daga jirgi haka take, babu wanda ya taɓa saitin. Ta ofis kuwa tana kan tsarinmu. Shi kuma idan akwai wuta ya shigar a ta ofis, idan babu ya shigar a laftof, ya kwafa da filashi.

Na shiga saiti na mayar da ƙasa Najeriya, na gwada sabon suna ya zauna daidai, na ce an gama. Sai da na buɗe tsofaffin bayanai na gane ban ma fara ba. Canza saiti sababbi kawai yake gyarawa, abin da aka riga aka ajiye a juye yana nan a juye. Kuma muguntar abin, idan rana ta wuce sha biyu manhajar tana gane babu wata na ashirin da biyar, sai ta juya da kanta ta ajiye daidai, shi ya sa yawancin sunaye lafiya lau suke, babu wanda ya yi zargin komai duk shekarun nan. Waɗanda suka rasu daga ɗaya zuwa sha biyu ga wata ne kawai abin ya shafa, su ma sai in a laftof aka shigar da su. Waɗanda suka raka gawarsu da kansu sun san wuri ba sa neman takarda, masu neman takarda kuma yawanci na shekarun da kowane layi ya cika ne, duk inda aka tura ka za ka tarar da kabari. Na gwada dabarar juya duk mai ƙasa da sha uku a lokaci ɗaya, sai ta ɓata masu kyau, Allah ya sa na kwafi ajiya kafin in taɓa. Abin da ya cece ni shi ne lambar da manhajar take ba kowane suna da kanta a jere yayin shigarwa. Idan ka ga sunan da ke cewa Nuwamba a tsakanin na ƙarshen Fabrairu da na tsakiyar Maris, ka san inda ya dace.

Duk mai gyara yana gwaji da sunan da ya sani. Na sa manhajar ta riƙa nuna wata da sunansa maimakon lamba, sannan na rubuta sunan Umma, ba don komai ba sai don in ga ya fito da kyau. Ya fito, tara ga Afrilu. Na goge na sake rubutawa, kamar hakan zai canza wani abu. Na duba lambarta, tana zaune tsakanin wani da aka binne ƙarshen Agusta da wata ta tsakiyar Satumba. Malam Bala yana gefena yana ba ni labarin tsadar man janareta, ni kuwa kunnena ya toshe. Umma a rayuwarta ba ta taɓa yarda a faɗa mata wata da lamba ba, idan na ce mata zan zo wata na takwas sai ta ce ita ba ɗalibar lissafi ba ce, in kira mata watan da sunansa. Muryar nan tata na ji a shagon, sarai, da rana tsaka, kuma har yanzu da nake rubuta muku ba ta bar kunnena ba.

Ban gaya wa Malam Bala ba. Na ce ya bar min laftof ɗin, aikin zai ɗauki lokaci. Na gyara sunayen shekarar ɗaya bayan ɗaya, na fitar da lambar Umma ta gaskiya a layi na tara, na rufe shago na hau adaidaita. Ina tafe ina tunanin zan tarar da kabari ya lotsa, ciyawa ta cinye shi, shekara da shekaru babu wanda ya leƙa, ina ta ba ta haƙuri a zuciyata. Na ƙirga daga turke, na sake ƙirgawa. Kabarin a share yake tas, an zagaye shi da duwatsu, ƙasarsa da danshi alhali ba a fara ruwa ba. Wallahi jama'a tsigar jikina ta tashi, na tsuguna a wurin ban ma iya karanta komai ba.

Da na natsu na koma na duba, sai na ga wata yarinya da aka binne tara ga Afrilu a wannan shekarar, laftof ta mayar da ita huɗu ga Satumba. Wato kwamfuta ta yi musu musaya. Na tambayi mai gadin makabarta, ya ce ai wani mai adaidaita ne yake zuwa duk Alhamis da yamma. Na je na jira shi, ban san me ya kai ni ba. Mutum ne siriri, furfura ta fara masa, zan kira shi Malam Haladu. Na gaishe shi kamar mai wucewa, na yi masa ta'aziyya, shi kuma kamar jira yake a tambaye shi. 'Yarsa ce ta fari, mai ciwon sikila, ta rasu tana aji uku a sakandare. Ya ce da aka ba shi takardar layi na tara ya ɗan yi jayayya, don a tunaninsa wurin ya fi kusa da katanga kuma akwai bishiya, amma da ya duba bai ga bishiya ba, Malam Bala kuma ya ce kwamfuta ba ta mantuwa, sai ya yarda, don ranar jana'izar ko gabansa ba ya gani. Sannan ya shafa duwatsun ya ce:

"Ita matsoraciya ce, ko banɗaki sai an raka ta. Shi ya sa nake zuwa, don ta san ba a bar ta ita kaɗai ba."

Na tsaya ina kallo ya durƙusa a kan kabarin mahaifiyata yana cewa 'yata ga Abba ya zo. A ƙarshe addu'a na taya shi, ya yi min godiya, har ya ce zai sauke ni kyauta, na ce ina da sauran ziyara. Bisa lissafina, kabarin da Baba yake zama a gabansa a layi na huɗu na yarinyar nan ne, ko kuma na kusa da ita, don a lokacin akwai suna ɗaya da ban tantance ba tukuna. Bishiyar da Malam Haladu ya tuna ita ce darbejiyar da ta faɗi, ita ce filin da aka yi wa Baba alkawari. A layi na tara kuwa babu ko wurin ajiye takalmi, Umma a matse take tsakanin mutane biyu.

Tun ranar ban ƙara zama daidai ba. Juma'a biyu na tura Baba layi na huɗu ina sane, yana ba wata yarinya da bai taɓa gani ba labarin famfo, ni kuma bayana yana min zafi kamar ana kallona daga can layi na tara. Idan muka juyo ba na iya waiwayawa. A shago duk takardar da na ga kwanan wata da lamba sai na tsaya ina juya ta, rasit, katin asibiti, har ranar ƙarewar magani. Wani kwastoma ya ce min in zo ɗaukar firinta biyar ga shida, na daka masa tsawa ya faɗi watan da sunansa, bawan Allah ya tsaya yana kallona. A Juma'ar da ta wuce, muna shirin tafiya, Baba ya nuna filin nan da hannunsa mai lafiya, bakinsa a karkace, ya ce:

"Kai dai ka tsaya a kai, nan za a sa ni. Ranar ban raka ta ba, wannan karon ba zan bar ta ba."

Na ce to Baba. Me zan ce?

Na kasa riƙewa na je Narayi na gaya wa yayata. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta share hawaye ta hau ni da faɗa. A ganinta a gaya masa yau ba gobe ba, wai uwarmu ta kwanta shekaru babu nata a kanta, wai idan na bari aka binne Baba kusa da baƙuwa ni na yi masa ƙarya a maganarsa ta ƙarshe, kuma zan tashi da ita a wuyana. Na ce mata Umma ba ta rasa mai zuwa ba, ta ce wannan ba nata ba ne, aro ne. Na tuna mata likita ya ce a kiyaye duk abin da zai tayar masa da hankali, jininsa ba ya sauka, ta ce ni dai na saba raina hankalin tsofaffi, ina ganin kamar ba za su iya ɗaukar gaskiya ba alhali sun ɗauki abin da ya fi ta. Na ce ita da take zuwa sau ɗaya a wata ta zo da lemo ta tafi, da sauƙi ta faɗi haka, ni nake wanke shi. Wannan maganar ba ta yi daɗi ba, na sani, har yau ba ta ɗaga wayata.

Na je wurin limamin masallacinmu na tambaya a dunƙule ban kama suna ba. Ya ce addu'a ba ta ɓatan hanya, wanda aka nufa ita take samu ko daga ina aka yi ta, kuma kwanciya kusa da wani ba ta ƙara wa mamaci komai sai aikinsa. Har na fara jin sanyi, sai ya ƙara da cewa amma wanda aka ba amanar gyara ya gyara tsakani da Allah. Na fito da kaya biyu maimakon ɗaya.

Ga inda abin ya tsaya. Malam Bala yana jiran laftof ranar Asabar, kwamiti ya ce da zarar na miƙa za a yi sanarwa a masallatai, duk wanda ya taɓa karɓar takarda ya zo a sake buga masa, za kuma a liƙa sunayen waɗanda abin ya shafa a bakin ƙofa. Sauran mutanen haƙƙinsu ne, na gyara nasu duka, ba ni da ja a kai. Sunaye biyu ne suka rage a gabana. Idan na bar su a juye babu wanda zai gane har abada, don ɗaya ta fita daga Afrilu ɗaya ta shiga, adadin kowane layi zai tafi daidai, ni kaɗai da yayata muka sani. Baba zai ƙarasa kwanakinsa da natsuwarsa, Malam Haladu ma haka, amma ni na san na rufe wa uba hanyar kabarin 'yarsa da hannuna, na kuma bar Baba ya kwanta yana zaton Umma ce a gefensa. Idan kuma na gyara, zan ƙwace wa tsoho mara lafiya abu ɗaya da ya rage yana jira, in ce masa duk hirar nan da baƙuwa ya yi, kuma babu fili kusa da matarsa. Sannan in tsaya gaban Malam Haladu in ce masa yarinyar da yake tsoron a bari ita kaɗai, shi bai taɓa zuwa wurinta ba. Wani lokaci ina ce wa kaina ai ba a bar ta ba, Baba yana can duk Juma'a, kamar yadda shi yake wurin Umma duk Alhamis, watakila in na faɗa musu haka za su ɗauka. Wani lokacin kuma in ga wannan dabarar lallashin kaina ce kawai.

Don Allah masu ilimi, da waɗanda suka yi jinyar iyaye, da duk wanda ya taɓa binne nasa, ku faɗa min. In gyara sunayen biyu ko in bar su? Idan faɗa ya kama, da wa zan fara, da Baba ko da Malam Haladu, kuma da wane baki? Kada ku ce in jira, Asabar ba ta jira na, kuma kafin ita akwai Juma'a. Baba ya riga ya sa an wanke masa farar rigarsa, an cika jarkar ruwa an ajiye a bakin ƙofa. Zan turo kekensa mu shiga, turke na huɗu ne za mu tarar kafin na tara, zai ɗaga hannu kamar kullum ya ce mun iso. In tsaya, ko in ci gaba da turawa?